Masu madabod X99, kafin ku sayi sabuwar kwamfuta

'Yan uwa na Jidda da Riyad masu firosesa i7-5820K, madabod ɗinku (babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta) bai tsufa ba tukuna. Soket ɗinsa (mazaunin firosesa) LGA2011-3 yana karɓar firosesa Xeon E5-2680 v4 mai ƙwaya (core) 14, ana samun na hannu a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya. Amma ku sabunta BIOS (manhajar da ke tada madabod) tun tsohon firosesa yana ciki, in ba haka ba allo baƙi ƙirin za ku gani.

Xeon ɗin na masu haɗa bidiyo ne, a wasanni ba zai burge ku ba, gudunsa a kulle yake, ba a iya ƙara shi. Masu wasa su nemi i7-6950X, shi ma yana shiga wannan soket.

RAM kuwa ku sa sanda huɗu iri ɗaya, don tashoshin RAM huɗu na firosesan su yi aiki. Windows 11 dai ba ta amince da waɗannan firosesa a hukumance ba.