Wanke hannu kafin shiga ɗakin kulawa ta musamman

Majinyacin da ke kwance rai kwakwai mutu kwakwai, roba a hanci, allurar ƙarin ruwa a jijiya, ba shi da ƙarfin yaƙi da ƙwayar cuta. Sau da yawa kuwa a hannun mai dubiya ko ma'aikaci cutar ke isa gadonsa. Kafin ka taɓa shi, ga abin yi.

1. Cire zobe da agogo, ka naɗe hannun riga. Datti na maƙalewa a ƙarƙashin zobe.

2. Jiƙa hannu, ka sa sabulu isasshe.

3. A nan aikin yake. Cuɗa tafi da tafi, sannan bayan kowane hannu. Sarƙa yatsu ka goge tsakaninsu. Kama babban yatsa ka murza, shi aka fi mantawa. Goga kan yatsu a tsakiyar tafi saboda ƙarƙashin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin gaba ɗaya ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60. Ko da alwalarka, don Allah ka yi, ruwa zalla bai isa ba.

4. Ɗauraye, ka tsane da tishu, ka rufe famfo da shi. Kada ka goge a riga ko mayafi.

5. In babu dattin da ido ke gani, sanitaiza ta wadatar: murza daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta bushe.

In ka taɓa waya ko ƙarfen gado, sake. In za ka fita ma, ka wanke.