Kurakuran da ke kashe shawararka kafin ta isa ga masu gina Linux

A shekarar 2004 masu amfani da GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin allo na tsarin kwamfuta na Linux, suka nemi wani ɗan ƙaramin abu. Idan mutum zai zaɓi hoto ya tura wa wani, suna so tagar zaɓen fayil ta jera masa ƙananan hotuna ya gani da idonsa, ba sunaye kawai ba. Ba wanda ya ce buƙatar ba ta da ma'ana, amma ba ta tabbata ba sai a GNOME 44, cikin Maris na 2023. Tsohon ginin GTK, wato kayan da ake zana tagogin GNOME da su, ba ya ɗaukar wannan aiki cikin sauƙi, sai da GTK 4 ya zo da sabuwar hanyar jera abubuwa. Wannan ke nan shawarar da ta je inda ya dace kuma kowa ya fahimce ta. To ina ga wadda aka rubuta cikin fushi, aka jefa ta inda ba nan ne gidanta ba?

Abin yana damuna, domin mai amfani da kwamfuta kullum shi ne ya san inda take masa ciwo. Yana ganin abin da maginin manhaja ya saba da shi har ya daina gani. Sau da yawa ra'ayin yana da kyau, yadda aka kai shi ne ke kashe shi.

Ni ma da haka na fara. Bayan wata biyu ina amfani da wani nau'in Linux, na zauna dare guda na rubuta abubuwa goma sha ɗaya a saƙo ɗaya: girman rubutu, wurin agogo, firinta da ba ta amsawa, sautin da ke ɗaukewa idan na cire abin kunne, da sauransu. Amsar da na samu layi biyu ce, cikin ladabi: a raba su ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu ba na wannan wurin ba ne. Aka rufe. Na ji zafi a lokacin, amma mutumin yana da gaskiya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha ɗaya. Kowane rahoto lamba ɗaya ake ba shi, mutum ɗaya ke ɗaukarsa, kuma rufe shi ake yi idan an gama. Saƙon da ya ƙunshi buƙatu da yawa ba ya rufuwa, saboda haka ba mai son taɓa shi. Maganin wannan a fili yake: buƙata ɗaya, rahoto ɗaya, da take mai faɗin abin da ke ciki.

Kai ƙara gidan da ba shi ba

Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ba laifin mai amfani ba ne kacokan, domin abin da yake gani a allo kamar abu ɗaya ne. A gaskiya Ubuntu, Fedora, Debian da Linux Mint masu haɗa kaya ne. Ƙwayar tsarin, wato ɓangaren da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana da nata mutanen. Fuskar da kake dannawa, GNOME ko KDE Plasma ko Xfce, wasu ne daban ke gina ta. Sauti yanzu galibi a hannun PipeWire yake, bugun takarda na CUPS ne, haɗin intanet na NetworkManager, motsin yatsa a kan faifan linzami na libinput, zanen hoto kuma na Mesa da direbobin katin hoto, wato manhajojin da ke tuƙa shi. Idan ka ce wa Ubuntu su sauya yadda manhajar fayil ta GNOME ke aiki, ka kai kuka wurin dillali ne, alhali maƙerin yana can wani wuri. Za su iya miƙa saƙon, za su iya yin nasu ɗan facin, amma facin da ba a karɓa a tushe ba kaya ne da za su riƙa ɗauka a kowace sabuwar siga, shi ya sa ba sa so.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna maka ƙofar. Sa wani nau'in Linux a filashi, ka tayar da kwamfutar da shi ba tare da ka girka ba. Idan abin yana faruwa a Ubuntu kuma yana faruwa a Fedora, dukansu da GNOME, to zancen na GNOME ne, sai ka nufi GitLab ɗinsu, shafin da suke karɓar rahotanni. Idan ka gwada da KDE Plasma ma ka tarar da shi, to matsalar ta fi fuska zurfi, wataƙila direba ce ko ƙwayar tsarin. Idan kuwa a nau'i ɗaya kaɗai yake, nan ne gidansa: Launchpad ga Ubuntu, Bugzilla ga Fedora, Debian kuma tana da umarnin reportbug. A Ubuntu, umarnin ubuntu-bug tare da sunan kunshin manhajar yana tattara bayanan da ake bukata da kansa. In ka rasa gane wa ke da abin, faɗa a rahoton cewa ba ka tabbata ba, ka rubuta gwajin da ka yi. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu tantance rahotanni sun fi son wanda ya gwada ya gaza a kan wanda ya yi zato.

Akwai kuma buƙatun da babu wanda zai iya biya a duk cikin waɗannan gidaje. "Ku sa Photoshop", "ku kawo Microsoft Office". Adobe da Microsoft ne ke da waɗannan, su ne kuma ba su fitar da su don Linux ba. Abin da jama'a suka iya yi shi ne gadojin kunna manhajojin Windows a Linux, irin su Wine, da Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018 don wasanni. Haka batun wasu nau'o'in bidiyo da ba sa buɗewa a Fedora da zarar an girka ta: dokar haƙƙin ƙirƙira ce ta ɗaure hannun Red Hat, kamfanin Amurka da ke bayanta, ba mantuwa ba ce. Sai dai kada ka ɗauka irin wannan ƙofa a kulle take har abada. Shekara da shekaru mutane suna kukan cewa faifan girka Debian ba ya gane katin Wi-Fi ɗinsu saboda an ƙi sa ƙananan manhajojin na'ura waɗanda ba buɗaɗɗu ba. A 2022 masu gina Debian suka kaɗa ƙuri'a, Debian 12 ta fito a 2023 da su a ciki. Cikin abin da ya motsa su akwai koken mutanen da suka kasa girkawa.

Ba da umarni maimakon faɗin matsala

Dubi waɗannan biyun. Na farko: "Ku ƙara maɓalli ja a saman allo don kashe sanarwa." Na biyu: "Ina koyarwa ta hanyar nuna allona ga ɗalibai. Jiya ina tsakiyar darasi saƙon sirri ya faɗo a allon, kowa ya karanta. Kafin in kai ga saitin kashe sanarwa sai na danna sau huɗu, kuma nakan manta. Ina amfani da siga kaza, kuma hakan na faruwa duk lokacin da na raba allo." Na farko ya ba magini abu ɗaya tak, ya ce e ko a'a, kuma a'a ta fi sauƙi. Na biyu ya sa shi cikin ajin. Yana iya ganin mafitar da ta fi maɓalli, misali tsarin ya yi shiru da kansa duk lokacin da aka fara raba allo. Kai ka san ciwon, shi ya san jijiyoyin. Faɗi abin da kake ƙoƙarin yi, abin da ya faru, da abin da ka sa ran zai faru. In kana da mafita a zuciya, sa ta a ƙarshe a matsayin ra'ayi.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne "ku mai da shi kamar Windows" ko "kamar Mac". Wane ɓangare? Don me? Kuma sau da yawa abin da ake nema yana nan, a wata fuskar. Lokacin da GNOME 3 ta fito a 2011 ta watsar da tsohon salon jerin manhajoji da sandar tagogi, waɗanda ba su gamsu ba ba su tsaya a kuka ba. Wasu suka ci gaba da tsohuwar GNOME 2 da sunan MATE, mutanen Linux Mint suka gina Cinnamon. Wanda yake son maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa zai same shi yau a Cinnamon ko KDE Plasma cikin minti kaɗan. Matsa wa GNOME ta koma abin da ta bari da gangan ɗiban ruwa da kwando ne. A ganina kowane aiki yana da haƙƙin ya zaɓi alƙiblarsa, kuma kafin ka kai masa shawara ya kamata ka san ina ya dosa.

Daga nan sai mutum ya ce, to ku sa shi a saiti mana, mai so ya kunna. Jin maganar kamar adalci ne, amma saiti ba kyauta ba ne. Saiti goma na kunnawa da kashewa suna haifar da yanayi 1024, kuma kowanne zai iya ɓoye tangarɗa. Sai an fassara shi zuwa harsuna, an rubuta bayaninsa, an kula da shi shekaru bayan wanda ya nema ya tafi. KDE ta fi sakin hannu da saiti, GNOME ta fi tsuke shi. In kana neman sabon saiti, nuna cewa akwai mutane iri biyu masu buƙatu da suka saɓa da gaske, ba bambancin sha'awa kawai ba.

Sauran masu saurin gyaruwa

Rashin bincike kafin rubutu. Nemi kalmomin matsalarka cikin rahotannin da ke buɗe da waɗanda aka rufe, domin wataƙila an tattauna, an ƙi, an kuma faɗi dalili. In ka tarar da irin naka, kada ka rubuta "ni ma" ko "har yanzu shiru?". Kowane irin wannan yana aika wasiƙa ga duk wanda ke bin rahoton, har masu aikin su kashe sanarwarsa. Launchpad yana da wurin da za ka danna cewa abin ya shafe ka, GitLab yana da alamar babban yatsa. Yi magana idan kana da sabon bayani: wata na'ura daban, ko hanyar da ke sa matsalar ta bayyana kowane lokaci.

"Ba ya aiki" ba bayani ba ne. Buɗe tagar umarni: cat /etc/os-release zai ba ka suna da sigar tsarin, uname -r sigar ƙwaya, lspci kayan da ke cikin kwamfutar, echo $XDG_SESSION_TYPE kuma zai gaya maka ko Wayland kake kai ko X11, hanyoyi biyu na nuna tagogi a allo, abin da ke raba matsalolin allo gida biyu. Umarnin journalctl -b yana nuna abin da tsarin ya rubuta tun tashinsa. Ka karanta kafin ka liƙa, don Allah, domin sunanka, sunan Wi-Fi ɗinka da sunayen fayilolinka na iya kasancewa ciki, kuma rahoton kowa na iya ganinsa. Haka hoton allo.

Sai lokaci. Ubuntu tana fita a Afrilu da Oktoba, GNOME a Maris da Satumba, kuma makonni kafin fitowa ake daina karɓar sabbin abubuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sigar Ubuntu mai dogon tallafi, wadda ke zuwa duk shekara biyu, da tsayayyiyar Debian, gyaran kurakurai da na tsaro suke karɓa, ba sabon salo ba. Mai amfani da su yana iya neman abin da aka riga aka yi bara. Gwada sabuwar siga a filashi tukuna.

Game da harshe ba sai na tsawaita ba. Da yawa daga masu wannan aiki 'yan sa-kai ne da ke yinsa bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, waɗanda ake biya kuma suna da jerin abin da aka ɗora musu. Zagi, ko barazanar "zan koma Windows", ba ya matsar da rahoto gaba ko taki ɗaya. Na sha ganin ra'ayi mai kyau ya mutu saboda layinsa na farko.

Jefa rahoto a tafi

Wannan ne ya fi ba ni takaici, saboda a nan ne aiki ke lalacewa bayan an kusa gamawa. Mutum ya rubuta rahoto mai kyau, bayan sati uku wani ya tambaye shi, "za ka iya gwada wannan gyaran?", sai shiru. Maginin ba shi da irin kwamfutarka, ba shi da firintarka, ba zai iya tabbatar da komai ba sai da kai. A Launchpad, rahoton da aka sa wa alamar bai cika ba yana rufe kansa bayan kwana 60 in ba a amsa ba. Yi rajista da adireshin imel da kake dubawa, ka amsa ko da amsar ita ce ba ka da lokaci sai mako mai zuwa.

Kuma kada ka raina ƙaramin abu. A 2009 Ubuntu ta ƙaddamar da wani shiri na farautar ƙananan matsaloli ɗari, irin waɗanda ke ɓata wa sabon mai amfani rai a ranarsa ta farko kuma ana iya gyara su cikin ɗan lokaci: rubutu mai ruɗarwa, maɓalli a wurin da bai dace ba, gargaɗin da ba ya faɗin abin yi. KDE ma ta yi irin wannan da matsalolin da mutum ke cin karo da su a minti 15 na farko. Irin waɗannan su suka fi samun mai ɗauka. Cikin abubuwa goma sha ɗayan da na rubuta a wancan dare, wanda na sake aikawa shi kaɗai shi ne na sautin da ke ɗaukewa. Na kai shi wurin masu sauti, da sunan katin sautina da matakai uku na maimaita shi. Aka nemi in cire abin kunnen in mayar yayin da wani umarni ke naɗar abin da ke faruwa, na yi, na tura fayil ɗin. Bayan 'yan makonni aka turo min gyara in gwada, na girka, na cire abin kunnen, sauti ya koma lasifika.