Kurakuran da masu rubuta injin ces ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum ya ɗan iya Python ko C++, ya ji labarin yadda kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya Kasparov a 1997, sai ya ce shi ma zai rubuta injin da zai buga ces, to madalla, amma ba a jimawa sai ya dawo yana kuka wai injin yana ba da sarauniya kyauta ko yana yin tafiyar da doka ba ta yarda ba.

Babbar matsalar ita ce gaggawa. Kowa so yake ya fara koya wa injin dabara alhali bai tabbatar injin ya san dokokin wasan ba. Malam ka yi perft! Perft ƙirga ne kawai, injin ya lissafa duk tafiyoyin da za su yiwu zuwa wani zurfi, wato tafiya nawa ne a gaba. Daga farkon wasa zurfi 1 dole ya ba ka 20, zurfi 2 ya ba ka 400, sannan 8,902, sannan 197,281, zurfi 5 kuma 4,865,609. In ko da ɗaya ne ya bambanta to akwai ɓaraka a kod ɗinka, kada ka ce ai ɗan kaɗan ne. Kuma farkon wasa ba ya tona komai sosai, ka gwada matsayin gwajin nan da ake kira Kiwipete, zurfi 1 zuwa 3 su ba ka 48, 2,039, 97,862, shi ne yake fallasa mutane. Ni wannan ta ci mini lokaci ba kaɗan ba, ina ta gyaran maki ina zargin lissafin kimanta allo, ashe idan aka cinye hasumiya a kusurwarta injina bai soke damar kaslin (tafiyar da sarki da hasumiya ke yi tare) na wannan gefen ba, sai ya riƙa shirya wasa a kan tafiyar da babu ita. Irinsu suna da yawa, kaslin ta gidan da abokin gaba yake hari, en passant (soja ya ci sojan da ya yi taku biyu ya tsaya a gefensa) da ke kwashe sojoji biyu daga layi ɗaya ya bar sarki a buɗe, sojan da ya kai ƙarshe ba ya zama komai sai sarauniya alhali doki ma halal ne. Duk perft zai kama su, ni yanzu ko layi ɗaya na taɓa a wajen samar da tafiya sai na sake gudanar da shi.

Na biyu kuma shi ne yake ba ni haushi ƙwarai, wato tsayar da bincike cak a tsakiyar cin juna. Ka ce injin ya duba zurfi 6, a tafiya ta shida sarauniyarka ta ci soja, injin ya rubuta riba ya yi murna, bai ga cewa a ta bakwai za a cinye sarauniyar ba. Sai ka ƙara zurfi kana zaton magani ne, haba, matsalar gaba kawai ka tura ta. In zurfi ya ƙare kada ka kimanta allo nan take, ka ci gaba da bin tafiyoyin ci kaɗai har ƙura ta lafa, kuma ka bar wa mai tafiya damar ya ƙi cin in matsayinsa ya riga ya isa. Layuka kaɗan ne fa amma mutane sai su tsallake su tafi neman NNUE, wato kimanta allo da ƙwaƙwalwar da aka horar da bayanai, abin da shahararren injin nan Stockfish kansa bai ɗauka ba sai 2020.

Alfa-beta, wato dabarar daina bin tafiyoyin da ba za su canza sakamakon bincike ba, in ba ka jera tafiyoyi ba asara ce. Matsayi ɗaya yana da tafiya wajen 35, in ka fara gwada masu kyau kana iya kusan ninka zurfinka. Ni nakan fara da wadda teburin matsayin da aka riga aka bincika ya ajiye, sai tafiyoyin da ƙarami ke cin babba.

Makin kashe sarki ka rage masa yawan tafiya, in ba haka ba injin zai ga kisa ya yi ta zagaye bai ƙarasa ba. Ka koya masa maimaici sau uku da dokar tafiya 50, kar ya mayar da nasara canjaras. Lambar Zobrist, wadda injin ke gane kowane matsayi da ita, ta haɗa da wanda ke da tafiya da damar kaslin da en passant. Lokaci kuma, ka riƙa zurfafawa ɗaya bayan ɗaya don kullum akwai tafiya a hannu in agogo ya matse.

Sai masu buga wasa goma da injinsu su ce ya ƙara ƙarfi. Wasa goma ba ya nuna komai! Masu Stockfish sukan buga dubban wasanni a Fishtest, dandalinsu na gwaji, kafin su karɓi gyara ɗaya. Ka sa wa injinka UCI, hanyar da injin ke magana da sauran manhajojin ces, tun da wuri, ka haɗa sabon injin da tsohon a cutechess-cli, manhajar da ke kara injina da juna, da buɗe wasa daban-daban, kowanne ya riƙe fari ya riƙe baƙi, gyara ɗaya a lokaci ɗaya, wanda bai ci gwaji ba ka cire shi ko da kana son sa.