Yadda ake tara kuɗin taimakon yara a lokacin yaƙi ko ambaliya

Da masifa ta sauka, kamar ambaliyar Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024, ko yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kori iyalai zuwa Adre a gabashin Chadi, jama'a ba sa rowa. Inda ake tuntuɓe shi ne tsakanin asusu da bakin yaro. Ga hanyar da ƙungiyar unguwa, kwamitin masallaci ko tsofaffin ɗalibai za su bi.

Mataki na farko, a ƙidaya yaran kafin a nemi ko sisi. A tuntuɓi hukumar agajin gaggawa ta jihar, SEMA, ko ma'aikatan asibitin da ke kusa da sansanin, a ji yara nawa ne 'yan wata 6 zuwa shekara 5, kuma nawa ne tamowa ta kama. Ana gane ta da tef ɗin awon damtse: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, wato matsakaiciya. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura ya shiga sahun masu tsanani ko da awonsa ya nuna kore, wato launin lafiya.

Na biyu, a yi lissafi a kan cikakken magani. Abincin gyaɗa da ake ba masu tamowa, RUTF, yana zuwa a katan mai ƙulli 150, kowane ƙulli giram 92 da kalori 500. Katan guda shi ke warkar da yaro guda cikin mako shida zuwa takwas. Yara arba'in, katan arba'in. Babban kuskure shi ne a raba katan ɗaya ga yara goma don a ga an ba mutane da yawa. Bayan kwana kaɗan kowannensu ya koma inda yake. Akwai kuma abin da lissafin takarda ba ya nunawa: uwar da sauran 'ya'yanta ke kuka da yunwa za ta ɗiba musu daga rabon maras lafiya, kuma ba wanda zai zarge ta. Saboda haka a sa gero, wake da mai na gidan gaba ɗaya cikin kasafi. A ware kuɗin mota da na abincin mai jinya, domin yaron da ya daina cin abinci ko yake da zazzaɓi mai zafi sai an kwantar da shi an fara da madarar magani ta asibiti, F-75.

Na uku, asusu. Kada a taɓa tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, komai amincinsa. A Najeriya ƙungiya na yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta samu takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, sannan ta buɗe asusun da ba a cire kuɗi sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Kuɗin zakka a rubuta su daban da na sadaka, tunda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade waɗanda za a ba.

Na huɗu, a roƙi kuɗi maimakon kaya. Buhunan gwanjo suna cinye kuɗin mota da wurin ajiya. Madarar gwangwani ta jarirai kuwa haɗari ce a sansani: ana dama ta da ruwa maras tsabta a kwalbar da ba a tafasa ba, jariri ya kamu da gudawa, nonon uwa kuma ya ragu. Gara a ciyar da mai shayarwa. Da kuɗi a hannu ana iya sayen abin da likita ya ce babu, musamman haɗin ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, da ruwan sha, girki da wanka, wanda ma'aunin masu aikin agaji ya sa a lita 15 ga kowane mutum a rana.

Na biyar, wa za a miƙa wa? Ƙaramar ƙungiya ba ta da ma'aikatan awo da rubuta katin yaro duk mako. Ta haɗa kai da cibiyar lafiyar da ke aikin tamowa, ko ta tura wa UNICEF, Red Cross ko ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta adireshinsu na hukuma. Wannan ya fi zama dole idan Sudan ake nufi. Lambar asusun da ke yawo a WhatsApp tare da hoton yaro a rame ba abin dogaro ba ce.

Lokaci ma ana lissafa shi. Tamowa ta fi tsananta daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maleriya kuma ta taso. Sayo kaya da kai su na ɗaukar makonni, don haka a fara tarawa tun Fabrairu ko Maris. Alkawarin naira dubu biyu duk wata daga mutum ɗari ya fi kyautar miliyan guda sau ɗaya sauƙin tsarawa.

Na ƙarshe, rahoto duk wata: abin da ya shigo, abin da aka kashe tare da rasit, yara nawa aka karɓa, nawa suka warke, nawa suka daina zuwa, nawa suka rasu. Ba a ɗaukar hoton yaro ba da yardar iyaye ba, ba a kuma wallafa sunansa. A nemi iyaye su dawo da ledojin RUTF da aka shanye kafin a ba da na mako mai zuwa. Da haka ake gane wanda ke sulalewa kasuwa.