Yadda ake tafiya ba takalmi a kan jar ƙasa a filin unguwa ba tare da ka jawo ma ƙafarka ciwo ba

Jama'a taka ƙasa ba takalmi ai ba baƙon abu bane a wajenmu, duk wanda ya tashi a Argungu ko Jega ko Kaura Namoda ya sha yawo haka nan yana yaro. To amma yau da yawanmu daga silifas sai mashin, daga mashin sai tayil ɗin ofis ko simintin shago, ƙafar ta yi laushi ta manta da aikinta. A Koriya ta Kudu kuwa abin ya zama motsa jiki na musamman, a dutsen Gyejoksan da ke birnin Daejeon akwai hanyar jar laka mai tsawon kilomita 14.5 da aka shimfiɗa tun 2006 don masu tafiya ba takalmi, kuma yanzu ana ta yin gajerun hanyoyi irinta a wuraren shaƙatawa na unguwanni, har da famfon wanke ƙafa. Su sai an ɗauko ƙasar a mota an kawo, mu kuwa Allah ya hore muna ita ko'ina. Inda suka fi mu shine kula da wurin, ana sharewa ana yayyafa ruwa, kuma wallahi wannan kulawar ita ce rabin aikin.

Kafin komai, akwai waɗanda nake roƙo don Allah su haƙura. Na farko mai ciwon suga. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, sai ƙusa ko ƙaya ta soki mutum bai ma sani ba, ciwon kuma baya saurin warkewa, daga ɗan tsini sai gyambo, wasu har a kai ga yanke ƙafa. Baba ko inna mai suga su yi tattakinsu da takalmi mai laushi, ba su rasa komai ba. Haka wanda yake da rauni a ƙafa ko faso da ya tsage har yana jini, ya bari ya warke tukuna.

Sai zaɓen wuri, kuma nan zan daɗe don nan ne mutane suke sakaci. Gaskiya wuraren shaƙatawa na unguwa ba su da yawa a Birnin Kebbi ko Gusau, abin da muke da shi filin makaranta ne, filin ƙwallo, filin idi, ko harabar wata ma'aikata, kuma kowanne zai yi in ka tabbatar da abu uku.

Kada ya zama wurin da ake bahaya ko fitsari, ko inda ruwan kwata yake malala. Akwai tsutsar ciki da ƙwanta ke fita cikin bahaya ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi da ɗumi, 'ya'yan ba a ganinsu da ido, su huda fatar ƙafa su bi jini har su ƙare a hanji suna shan jinin mutum, sai kaga yaro ko babba ya ɗashe kullum gajiya. Bayan katangar makaranta da gindin bola an san halinsu, ka nisance su. Kuma kar zumuɗin laka ya kai ka cikin ruwan fadama ko magudanar noman rani irin na Bakolori, tsargiya daga ruwan da ke da dodon koɗi ake kwaso ta, ita ma ta fata take shiga.

Na biyu ƙaya. Tsidau da ƙarangiya sun fi yawa daga ƙarshen damina zuwa kaka, wuri mai ciyawa ba naka bane, nemi inda ƙasa take a fili kana ganin komai.

Na uku kuma mu 'yan Zamfara ya fi shafa. Kowa ya tuna 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ta baki da numfashi take shiga, ƙura ce zaka kwaso a ƙafa ka kai ɗaki inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Saboda haka duk wurin da aka taɓa daka ko wanke dutsen ma'adinai ba wurin tattaki bane, kuma in za a sayo ƙasa a tambayi mai tifa ko mai amalanke daga wane rami ya ɗebo. Filin kuma ya kasance cikin gari cikin mutane, da halin tsaron da ake ciki ba wanda zai ce ka fita bayan gari da sassafe.

In kun haɗu ku da yawa a unguwa, abin da ya fi shine ku yi hanyar da kanku. Ku fara zuwa wajen mai unguwa ko hedimasta ku nemi izini, sannan ku zaɓi gefe mai inuwa, ƙarƙashin dogon yaro in akwai. Mita 30 zuwa 50 ya isa, faɗi kamar taku biyu yadda mutum biyu za su gifta juna. A share a tsince kwalba da ƙusa da gwangwani, a samo jar ƙasa irin ta gini a tace ta da wayar tace yashi don fitar da tsakuwa, a baza kauri kamar tsawon yatsa, a yayyafa ruwa a daɓe. Ku tambayi iyayenmu mata, su ne gwanayen daɓe, sun san yadda ake bugun ƙasa da madaɓi har ta kwanta luf, wasu ma da makuba suke gamawa. Kar a sa siminti ko kaɗan, laushin ake nema. Bayan nan sai a raba aikin tsintsiya da ruwa tsakaninku, in ba haka ba sati biyu awaki da ledoji sun mayar da wurin yadda yake.

Lokaci kuma bayan sallar asuba in gari ya waye sosai kana ganin ƙasa, ko can yamma lis kafin magariba. Cikin duhu kunama na yawo, kububuwa ma da dare take fita kuma kalarta kalar ƙasa ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin nan namu na wuce digiri 40, ƙasa kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, tana iya sale tafin ƙafa, don haka ɗora tafin hannunka ka ƙirga goma, in ka kasa to ba lokaci bane. Da damina in an yi ruwa laka na santsi, dattawa su jira ta tsane.

To ga tafiyar kanta. Zagayen farko da takalminka zaka yi, idonka a ƙasa, ko da jiya an share. Sannan ka cire ka ajiye su kusa da butarka. Fara da minti 10 kawai ko da kana jin zaka iya awa ɗaya, taku gajere, kar ka rinƙa dukan ƙasa da diddige yadda ka saba cikin takalmi, ka sauke ƙafar a hankali ka bari yatsu su baje su kama ƙasa, kuma kar ka ja ƙafa don haka ake tuntuɓe a fasa yatsa. Waya ta zauna a aljihu. Duk bayan 'yan kwanaki ka ƙara minti 5 har ka kai rabin awa. Sha-raɓa da tafin ƙafa za su yi tsami a farko, wannan ba komai, naman da takalmi ya hutar ne ya koma aiki. Amma in ka tashi da safe ka ji zafi mai suka a ƙarƙashin diddige da takun farko, to ka yi yawa, huta ka koma takalmi, in ya ƙi tafiya kaje asibiti.

Za ku ji ana cewa wai ƙasa na zuƙe cuta daga jiki, tana maganin hawan jini da suga da komai. Ni dai roƙona kar kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta mai saboda wannan maganar. Amfanin da yake tabbas shine na tafiyar, Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, ga ƙarfin ƙafa da yatsu, ga daɗin sanyin ƙasa da safe da hira da maƙwabta, wannan kaɗai ya isa dalilin fitowa.

Da ka gama kar ka zura ƙafa cikin takalmi haka nan. Wanke ta da ruwa da sabulu har tsakanin yatsu, ka goge ta bushe sosai don danshin tsakanin yatsu shi ke kawo ƙaiƙayi da ruɓewa, sannan ka juyo tafin ka duba da idonka. Shafa man kaɗe ko basilin a diddige, musamman da hunturu lokacin da kaushi ke tsagewa. In kuma an yi tsautsayi ƙusa ko kwalba ta soke ka, wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, banda toka, banda ƙasa, banda man birki, ka wuce asibiti ranar a duba ko kana buƙatar allurar tetanus, wato cutar sarƙe haƙora, ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma in ka shekara 10 ba a yi maka ba gara ka karɓa tun kafin ka fara.

'Yan uwa mata da ba su son fita fili, tsakar gida ma ta isa in ba a shafe ta da siminti ba, a ware gefe ɗaya nesa da makewayi da turken awaki da akurkin kaji, a daɓe shi yadda na faɗa, a rinƙa sharewa kafin a taka.