In an haifa maka ɗa a waje, ga yadda za ka bi takardunshi

Mu nan Tawa da wuya ka shiga gidan da ba su da mutum a Abijan ko Libiya ko Kumasi, yanzu ma har Faransa da Jamus da Amurka. An tai biɗa, an yi aure, an haihu can. Ɗan yayana a Abijan aka haife shi, ya zo gida yana da shekara 19 ba takardar can ba ta nan, wallahi na ga wahalar da yaron ga ya sha kafin ya samu nasiyonalite, shi ya sa nike rubuta wanga.

Fara da sanin dokar ƙasar da kake zaune, kar ka ɗauka duk inda aka yanke ma yaro cibiya ya zama ɗan ƙasa. Amurka haka ne tun 1868 a tsarin mulkinsu, duk da Trump ya taɓo maganar a 2025 har ta kai kotu. Kanada ma haihuwa ta isa. Faransa sai yaro ya kai 18 yana zaune can kuma ya yi shekara 5 cikin ƙasar tun yana da 11, amma uwaye na iya nema mai tun yana 13. Jamus tun Yuni 2024 in uwa ko uba ya yi shekara 5 can bisa doka kuma yana da takardun zama na dindindin yaron na samun nasiyonalite, kuma ba su ƙara cewa sai ka aje ta gida.

Kodebuwa nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Tun 1972 suka cire maganar haihuwa, sai jini, in uwa da uba duk baƙi ne to yaro baƙo ne ko da bai taɓa taka Nijar ba, ko da Jula ta fi Hausa zama a bakinshi. Kuma mun ga abin da maganar wa ne ɗan ƙasa na asali ta jawo musu, aka hana Alasan Watara takara a 2000, yaƙi ya ɓarke a 2002, baƙi da ɗiyansu suka sha wuya. Wanda ya ga wancan lokaci bai kamata ya yi sakaci da takarda ba.

To mi za ka yi? Satin suna, kafin a watse da cin rago, ɗauki takardar asibiti ka tai meri ɗin garin da aka haihu a yi ma yaro akti na haihuwa. Tsaya kan ma'aikacin ka duba yadda ya rubuta sunanka da na uwar, harafi da harafi, ya zo daidai da kartidantite ɗinku, don Mahamadu ɗaya na iya fitowa iri uku a takarda kuma bayan shekara 20 wanga ƙaramin abu shi za ya tsaida ma yaro paspo. Daga nan kai aktin ambasad ko konsilar Nijar su shigar da shi cikin rajistarsu, kai ma ka yi kart konsiler in ba ka da ita.

In kun zo gida sai justis, can ake bada takardar nasiyonalite, ka riƙo aktin yaro da nasiyonalite ɗin uba ko na uwa. Na ce ko na uwa don mata da yawa ba su sani ba, tun 1999 mace ƴar Nijar na ba ɗiyanta ƙasa ko da mijin baƙo ne. Hajiya, in ƴarki ta auri Bagane ko ɗan Najeriya jikokinki na da haƙƙi nan. Wanda kuma nan aka haife shi ba a yi mai akti ba, sai jujuma a justis da shaidu.

Sai tsoron da ke hana wasu motsi, wai in ka karɓi ta waje ka rasa ta gida. Da haka dokar 1984 take, amma a Nuwamba 2014 an gyara, ɗan Nijar na iya riƙe biyu. Ni ban ga cin amana a ciki ba, mutumin da ya yi shekara 25 yana biyan lanho a wata ƙasa ya cancanci ya jefa ƙuri'a can, kuma gonar ubanshi a Adar tana nan. Sai dai ka tambaya ko ita waccan ƙasar ta yarda da biyu, ba duka ba ne.

Kowace takarda ka yi mata fotokofi a buga hatimi a meri ko komisariya, ka aiko ɗaya gida wurin wanda ka yarda da shi, ka ɗauki hotonta a salula, don ranar da aka yi kora ko gobarar kasuwa ba wanda ke tsayawa neman jaka.