Yadda ake ɗora ɗakin katako a saman gidan dal a Damagaram

In ka hau ɗaya daga cikin duwatsun Damagaram ka kalli gari, za ka ga ƙarafa tsaye cirko-cirko a saman gidaje, duk sun yi tsatsa, suna jiran benen da aka yi niyya tun shekara goma. Siminti ya yi tsada, kuɗi ba su zo ba. A ƙasa kuma ɗaliban Jami'ar André Salifou da ƙananan ma'aikata suna zagayen neman ɗakin haya.

A Faransa da Holan an daɗe da kama wata dabara: a harhaɗa ɗaki da katako a ƙasa, a ɗaga shi a ɗora wa tsohon gini. Faransa ma a 2014 ta sassauta dokar gidajenta yadda ƙara hawa zai yi sauƙi. Dalilin zaɓen katako shi ne nauyi. Curin kankare mai mita ɗaya ta kowane gefe yana kai kilo 2,400, katako mai wannan girman kuwa 500 zuwa 600 ne kawai. Gidan da bulo zai durƙusar da shi yana iya ɗaukar katako.

Abu na farko, a san ko gidan ƙasa zai iya. Gidan laka ba ya cikin wannan magana. Gaskiya ne magina na da sun yi benen laka da azara, tsohuwar unguwar Birni shaida ce, amma tun daga tushe suka ba bangon kauri don haka. Muna magana ne a kan gidan bulo mai ginshiƙai da rufin kankare, wato dal. Ko shi ma sai injiniya ya duba. Magini, ko da shi ya gina gidan, zai ce maka "Alhaji, wannan ko hawa uku ya ɗauka", kuma ba lissafi ya yi ba. Injiniya zai sa a tona gefen tushe a wuri biyu ko uku ya ga zurfinsa, ya ƙirga ginshiƙai, ya ɗan fasa ɗaya ya ga kaurin ƙarfen ciki, ya bi tsagar bango. A tsohuwar ƙa'idar Faransa da injiniyoyinmu suka fi aiki da ita, rufin da ba a hawa kilo 100 ake lissafa masa a kowace murabba'in mita, ɗakin zama kuwa 150. In ya ce a'a, ka haƙura. Kuɗin da ka biya shi bai kai na ɗaki ɗaya da ya rufta ba.

Sai takardu da mutane. Ka nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari da zanen injiniyan a hannu. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu tun kafin a sayi ƙusa. Ka je wurin maƙwabci da kanka, domin tagar sama tana leƙa tsakar gidansa inda iyalinsa ke sakewa. A ɓangarensa a yi taga ƙarama can kusa da rufi, ta shan iska kawai. Matakala kuma ta fito ta waje, kada ɗan haya ya riƙa ratsa tsakar gidanka.

Katako shi ne inda aka fi tafka asara. Wanda ke iso mana daga kudu yake zuwa, sau da yawa da ɗanyensa. Na taɓa ganin ƙofar da aka yi da irinsa a damina, hunturu na shigowa ta kantare har yatsa yana shiga tsakaninta da bango, ta ƙi rufuwa sai da duka. Ka saye shi da wuri, a jera a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora abu mai nauyi a sama, a bar shi makonni. Bayan ya bushe a shafe shi da maganin gara, musamman bakin da zarto ya yanka. Baƙin man mota da aka saba shafawa ba na ɗakin kwana ba ne, ga wari ga saurin kama wuta. Kada ka ce gara ba ta hawa bene. Tana gina hanyarta ta laka a jikin bango har sama.

A shagon kafinta za a yi bangon, gunduwa-gunduwa. Faffaɗan allon da ake silin da shi santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo, don haka a auna ɗakin da wannan awo, ɓarnar yanka ta ragu. Sandunan tsaye su kasance kusan santimita 60 tsakaninsu. Turawa da na'urar ɗaga kaya suke ɗora ɗaki sukutum. Mu a lungunan unguwar Zango igiya ce da majiya ƙarfi, shi ya sa kowace gunduwa kada ta wuce abin da mutum huɗu za su iya ja. A rubuta wa kowacce lamba.

Kafin a ɗaga komai, a gyara yoyon dal ɗin, a tabbata indararo na zubar da ruwa. Sannan a shimfiɗa gadon ƙarfe ko na katako mai kauri wanda zai zauna daidai saman ginshiƙai da bangayen ƙasa. Nauyi bai kamata ya sauka a tsakiyar dal ba. A ɗaga gadon kaɗan don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, a ɗaure shi da kankaren da noti mai shiga ciki. Rashin nauyin da ya sa muka zaɓi katako shi ne kuma haɗarinsa: iskar da ke zuwa gaban hadari, wadda ke yaye kwanon makarantu kowace damina, ba ta san ƙusa ba. Daga kwano zuwa bango, daga bango zuwa gado, kowace mahaɗa a kama ta da ƙarfe.

Zafi fa? A Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce 40, ɗakin sama mara dabara tanda ne. A bar tazara tsakanin kwano da silin, buɗe ta ɓangare biyu, a toshe da raga saboda jemagu. Kwanon ya zama fari, ya zarce bango da rabin mita ko fiye. Cikin bango a cusa abin tare zafi, taga kuma ta fuskanci taga. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, girki a yi shi a baranda mai daɓen siminti, nesa da katako.

Damagaram ba ta rabo da tara ruwa, kuma ɗan haya zai so tanki. Tankin lita 1,000 tan ɗaya ne cur, a wuri guda. Ka nuna wa injiniya inda za a ajiye shi tun ranar farko, ko dai a kan ginshiƙi, ko a yi masa nasa ƙafafun daga ƙasa.